Amsoshin Tambayoyinku: Na ja kebul na biyu, sai komai ya tsaya

Tambaya: Ni ke kula da kwamfutocin wani ƙaramin asibiti a nan Mai Wurno, kusa da Sinnar. Gini biyu ne, kowanne da suwic ɗinsa, kebul ɗaya ya haɗa su, kuma duk damina sai ya lalace. Na ja na biyu don ko-ta-kwana, amma ina soka shi fitilun suwic suka hau ƙyaftawa ba ƙaƙƙautawa, aiki ya tsaya cik. Ina matsalar take? Sannan ko dabarar za ta yi mini aiki tsakanin layin Sudani da Starlink?

Amsa: A gaida mutanen garin Mai Wurno ɗan Sarkin Musulmi Attahiru. Niyyarka daidai ce, saiti ne ya rage.

Idan saƙon da ake nufin kowa da shi ya shigo suwic, yana fitar da shi ta kowace kafa ban da wadda ya shigo ta cikinta. Da ka haɗa suwic biyu da kebul biyu, ka yi zobe ke nan: saƙon ya tafi ta wannan, ya dawo ta wancan, a sake tura shi. Saƙon Ethernet kuwa ba shi da wa'adin mutuwa, haka zai yi ta kewaya, sababbi na ƙaruwa a kansa, har hanya ta cushe. Abin da fitilun suke faɗa maka ke nan.

Maganin ya girmi yawancin masu aikin nan. A 1985 Radia Perlman ta ƙirƙiro tsarin da ake kira STP, wanda ke sa suwic-suwic su yi shawara a junansu, su toshe kafa ɗaya, kada su buɗe ta sai ranar da ta farko ta mutu. Tsohon samfurinsa yana cin daƙiƙa 30 zuwa 50 kafin ya juya. RSTP da ya fito a 2001 yana yi cikin daƙiƙa kaɗan, shi nake ba ka shawara ka kunna a duka biyun. Amma fara duba irin suwic ɗinka. Ƙananan nan masu araha da ba a shiga cikinsu a yi saiti, da yawansu ba su san STP ba sam. In irinsu ne a hannunka, sai an sauya.

In kuwa Cisco Catalyst ne, irin 2960 ko 3750, akwai hanya mafi sauri mai suna Flex Links. Ka shiga kafar da kake so ta zama babba, a ce gigabitethernet 1/0/1, ka rubuta switchport backup interface gigabitethernet 1/0/2. Ta biyun za ta zauna shiru, ta farko na faɗuwa ta karɓi aiki. Umarnin show interfaces switchport backup zai nuna maka wadda ke ɗauke da kaya. Abu biyu ka riƙe. STP ba ya aiki a kan waɗannan kafofin, don haka ba mai rufa maka asiri in ka yi kuskure. Sannan ko babbar ta warke, aiki ba ya komawa kanta sai ka ƙara preemption mode forced, kuma asalin jinkirinsa daƙiƙa 35 ne. Ni da zan ƙara tsawon jinkirin, domin kebul ɗin da ruwa ya taɓa yakan zo ya ɗauke, ya zo ya ɗauke. Huawei na da irin wannan da sunan Smart Link. Akwai kuma LACP, mai ɗaure kebul biyun su yi aiki tare, in ɗaya ya tsinke ɗayan ya ci gaba. Ga gini biyu irin naku, yana da kyau ƙwarai.

Sai dai duk wannan saitin banza ne in kebul biyun rami ɗaya suka bi. Ga misali: babbar magudanar Jazira da ta Manakil duk daga madatsar Sinnar suke sha. In an rufe can, ba wanda zai ceci ɗan'uwansa. Baƙar lakar yankinku tana tsagewa da rani, ta kumbura da damina, abin da ya ci na farko zai ci na biyu. Ka bi da shi wata hanya daban, cikin bututu. Kebul ɗin tagulla ba ya wuce mita 100, kuma tsawa na bin sa ta ƙone kafar suwic, shi ya sa na fi son faiba tsakanin gini da gini. Wuta ma haka: kowane suwic ya sami batirinsa ko sola.

Batun Sudani da Starlink ba aikin suwic ba ne. Shi kebul ɗin da ke bakinsa kawai yake gani. Intanet na iya ɗaukewa tun daga Madani ko Khartoum, fitilarsa na nan kore. Rauta kake buƙata, wadda za ta riƙa taɓa wani adireshi na waje tana jin ko yana amsawa. A MikroTik sai ka ba babban layi distance 1, na ko-ta-kwana distance 2, ka kunna check-gateway. Amma shi ƙofar da ke kusa kaɗai yake dubawa, don haka ka saita hanyar ta yadda zai riƙa duba adireshi mai nisa. Zaɓinka na layin ƙasa da na tauraron ɗan'adam ya fi sim biyu nesa ba kusa ba. Kun gani da idonku a Fabrairun 2024, lokacin da Zain da MTN da Sudani suka ɗauke kusan a tare.

Bayan an tashi daga aiki, ka sa ping yana gudu daga wata kwamfuta zuwa ɗaya ginin, ka zare babban kebul da hannunka, ka ƙirga amsoshin da suka ɓace. Ka mayar, ka zare na biyun ma, domin na ko-ta-kwana yakan mutu ba wanda ya sani. Ka maimaita haka kafin ruwan Yuni ya sauka.