Darasi: Haƙƙin Ɗan Adam, Asalinsa da Amfaninsa ga Manomi

'Yan'uwa manoma na ƙungiyoyin gama kai da ke Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa: A wannan fili mun saba magana a kan taki da iri da gyaran rumbu. Yau za mu dubi wani abu dabam, wato haƙƙin ɗan adam, gama mutumin da ba shi da ikon zuwa gonarsa lafiya, taki ba zai amfane shi da kome ba. Muna roƙon shugaban kowace ƙungiya ya sa a karanta 1 Sarakuna sura 21 tukuna, sa'an nan a karanta darasin da ƙarfi domin waɗanda ba su iya karatu ba.

Mene ne haƙƙi?

Kalmar ba baƙuwa ba ce a bakinmu. In ɗan ƙwadago ya wuni yana noma mana, da yamma mu kan ce a ba shi haƙƙinsa. In wani ya ci gonar maraya, mu kan ce ya ɗauki alhaki, alhaki kuwa kwikwiyo ne, mai shi ya ke bi. Haƙƙi shi ne abin da ya ke na mutum, wanda in an hana shi, an zalunce shi.

Akwai haƙƙin da mutum ya kan samu ta wurin aiki ko ciniki, kamar ladan ƙwadago. Akwai kuma wanda ya ke da shi tun ranar haihuwa, domin shi mutum ne kawai. Wannan na biyun shi ne haƙƙin ɗan adam. Abu uku ya kamata mu riƙe game da shi. Na ɗaya, na kowa ne: namiji da mace, sarki da talaka, Kirista da Musulmi, Bahaushe da Bafulatani. Na biyu, ba kyautar gwamnati ba ne, aikin gwamnati shi ne ta tsare shi. Na uku, kowane haƙƙi yana tafe da nawaya, domin abin da mu ke nema a yi mana, wajibi ne mu yi wa maƙwabci.

Tushensa a Littafi Mai Tsarki

Littafin Farawa sura 1 ya koya mana Allah ya halicci mutum cikin siffarsa, namiji da mace. Daga nan darajar mutum ta fito. Shari'ar Musa ta hana kawar da iyakar gonar maƙwabci, ta hana kwana da ladan ɗan ƙwadago, ta kuma umarci mai gona ya bar kala domin matalauci da baƙo.

Labarin Nabot ya fi kusa da mu. Nabot yana da gonar inabi kusa da fadar Sarki Ahab a Yezreyel. Sarki ya nemi ya saya ko a yi musaya, Nabot ya ƙi, domin gadon kakanninsa ce. Mu lura, Ahab bai iya ƙwace ta kai tsaye ba, gama a Isra'ila sarki ma yana ƙarƙashin doka. Sai matarsa Yezebel ta shirya shaidun zur, aka jejjefe Nabot, Ahab ya tafi ya mallaki gonar. A cikin gonar nan annabi Iliya ya tarye shi da hukuncin Allah. A labari guda an tauye haƙƙi uku: na dukiya, na shari'ar gaskiya, da na rai.

Manzo Bulus kuma ya san haƙƙinsa, bai ji kunyar faɗinsa ba. A Filibi, da aka yi masa dūka aka kulle shi ba tare da shari'a ba, ya ƙi fita a ɓoye sai da mahukunta suka zo da kansu. A Urushalima ya hana a yi masa bulala da ya faɗi cewa shi ɗan ƙasar Roma ne. Saboda haka neman haƙƙi cikin ladabi bai saɓa wa tawali'u ba.

Maƙwabtanmu Musulmi ma suna da wannan koyarwa. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi rubutu yana tsawata wa sarakunan zamaninsa a kan ƙwace dukiyar talakawa da cin hanci a wurin shari'a. Wannan magana ce da za mu iya zama inuwa ɗaya da su mu tattauna.

Yadda aka mai da shi doka

An daɗe kafin a rubuta waɗannan abubuwa su zama dokar da ta ɗaure masu mulki. A 1215 manyan Ingila suka tilasta wa sarkinsu ya sa hatimi a takardar da a ke kira Magna Karta, wadda ta hana ɗaure ɗa ba tare da shari'a ba. A 1789 mutanen Faransa suka yi shelar cewa an haifi mutane 'yantattu, daidai da juna a gaban doka. Amma waɗannan takardu sun bar bayi da mata a waje, cinikin bayi daga Afirka kuwa ya ci gaba shekaru da yawa bayansu.

A ƙasarmu ma bauta ba ta daɗe da ƙarewa ba. A 1901 Gwamna Lugga ya yi shelar hana kamun bayi da sayar da su, ya ce yaran da aka haifa daga Afrilu na shekarar nan 'ya'ya ne. Sai a 1936 doka ta kawar da bauta gaba ɗaya a Arewa. Turawan da suka yi wannan su ne kuma suka riƙa kwasar kakanninmu zuwa aikin tilas, suna mulkinsu ba da yardarsu ba.

Yaƙin Duniya na Biyu, daga 1939 zuwa 1945, shi ya farkar da duniya. Mutum fiye da miliyan 50 suka hallaka. Gwamnatin Hitila ta kashe Yahudawa wajen miliyan 6 saboda asalinsu kawai. Sojojinmu na Arewa ma sun je har Bama, waɗansu ba su dawo ba. Bayan yaƙin aka kafa Majalisar Ɗinkin Duniya a 1945. Ran 10 ga Disamba, 1948, a birnin Faris, Majalisar ta amince da Jawabin Haƙƙin Ɗan Adam mai sashe 30. Ƙasashe 48 suka goyi baya, 8 suka ƙaurace, ba wadda ta jefa ƙuri'ar ƙi. Uwargida Eleanor Roosevelt ta Amurka ita ta shugabanci kwamitin da ya tsara shi. Nijeriya ba ta cikin taron, gama a lokacin muna hannun Ingila, amma Habasha da Laberiya da Masar sun sa ƙuri'arsu.

Da 'yancin kai ya gabato, ƙananan ƙabilu suka ji tsoron kada manya su danne su. A 1957 aka naɗa Hukumar Willink ta binciki wannan tsoro, ta ba da shawara a rubuta haƙƙoƙin mutum cikin Tsarin Mulki. Haka aka yi a Tsarin Mulki na 1960, kuma duk waɗanda suka biyo baya sun riƙe su. Matan Arewa kuwa sai a 1976 suka fara jefa ƙuri'a, a zaɓen ƙananan hukumomi. A 1981 shugabannin Afirka suka amince da tasu yarjejeniya a Nairobi, Nijeriya ta karɓe ta a 1983 ta mai da ita dokar ƙasa.

Abin da Tsarin Mulkinmu ya ce

Babi na 4 na Tsarin Mulki na 1999 ya jera haƙƙoƙin. Ga waɗanda suka fi shafar manomi:

Sashe na 33 da na 34 sun tsare rai da mutunci. An hana azabtar da mutum, an hana bauta da aikin tilas.

Sashe na 35 ya ce wanda aka kama, a sanar da shi dalili a rubuce cikin awa 24, da harshen da ya ke ji. A kai shi kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu, cikin kwana biyu. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta kuma hana kama uba ko mata ko ɗan'uwa a madadin wanda a ke nema.

Sashe na 36 ya ce mutum marar laifi ne har kotu ta tabbatar da laifinsa, kuma in ba ya jin harshen kotu a ba shi tafinta kyauta.

Sashe na 38 ya ba kowa 'yancin addini, har da sāke addini. Ya kuma hana a tilasta wa ɗan makaranta koyon addinin da ba nasa ba, wanda iyayensa ba su yarda da shi ba.

Sashe na 40 ya ba mu ikon taruwa da kafa ƙungiya. A kansa ƙungiyoyinmu na gama kai su ke tsaye.

Sashe na 42 ya hana nuna bambanci saboda ƙabila ko addini ko jinsi ko wurin asali. A 2014 Kotun Ƙoli ta yi amfani da shi ta rushe al'adar da ke hana 'ya mace gadon mahaifinta.

Sashe na 43 da na 44 sun tsare dukiya. In gwamnati ta karɓi gona domin hanya ko makaranta, sai ta biya diyya. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta sa ƙasa a hannun gwamna a matsayin amana, ta kuma ba ƙaramar hukuma ikon ba da takardar mallakar gona a karkara.

Wanda aka tauye wa ɗaya daga cikin waɗannan, sashe na 46 ya ba shi ikon kai ƙara Babbar Kotu. Akwai kuma Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1995, tana karɓar koke ba tare da kuɗi ba.

Halin da mu ke ciki

Mun san abin da wani zai ce: wannan duk takarda ce, takarda kuwa ba ta tare harsashi. Ba za mu yi masa gardama da sauri ba. Ran 10 ga Disamba, 2020, duniya ta yi bikin ranar haƙƙin ɗan adam. Kashegari da dare 'yan bindiga suka kwashe yara fiye da 300 daga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Ƙanƙara, sai ran 17 ga watan aka sako su. A 2021 gwamnatin jiha ta rufe hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme ga motocin haya, ta hana cinikin dabbobi a kasuwanninmu, aka kuma katse wayar tarho a ƙananan hukumomi 13, har da namu uku. Sashe na 45 ya ba gwamnati ikon taƙaita waɗansu haƙƙoƙi saboda tsaron jama'a, amma talaka ne ya ɗauki nauyin. Da yawa cikinmu sun bar gonakin bakin daji sun koma saura, waɗansu sun sayar da shanun noma domin fansar ɗan'uwa.

Duk da haka sanin haƙƙi yana da amfani. Sashe na 14 ya ce tsaro da jin daɗin jama'a su ne aikin farko na gwamnati. In muka je gaban hakimi ko shugaban ƙaramar hukuma muna neman a tsare hanyar gona, ba bara mu ke yi ba, abinmu mu ke nema. Wanda ya san haka, maganarsa ta kan fita dabam.

Akwai wata magana mai wuya da ba za mu tsallake ba. In zuciya ta ɓaci, da sauƙi a ga kowane Bafulatani kamar ɓarawo, a kuma yanke wa mutum hukunci a bakin kasuwa domin wani ya nuna shi da yatsa. Makiyayin da ya ke kiwonsa da gaskiya yana da sashe na 33 da na 36 kamar yadda mu ke da su. Wanda a ke zargi ma, kotu ce ke da hukuncinsa. Da shaidar zur da jifan taro aka kashe Nabot. In muka yarda a yi wa wani haka yau domin muna jin zafi, mun rushe shingen da zai tsare 'ya'yanmu gobe.

Abin da ƙungiya za ta yi

1. A buɗe littafi a riƙa rubuta duk abin da ya sami ɗan ƙungiya: rana, wuri, abin da aka rasa, da shaidu. Koke mai kwanan wata ya fi nauyi.
2. Kowa ya nemi takardar gonarsa. Ciniki ko jingina ko aro, a rubuta a gaban mai unguwa da shaidu.
3. In an kama ɗan ƙungiya, kada a bar iyalinsa su kaɗai. Dattawa biyu ko uku su je ofis cikin ladabi, su tambayi dalili da ranar kotu.
4. A tsaya wa gwauruwa da marayu a ranar rabon gado, tare da Zumuntar Mata.
5. Mu fara da gidajenmu: a biya ɗan ƙwadago a ranarsa, a sa 'ya mace makaranta, mudun saye ya zama shi ne mudun sayarwa.
6. A kai koke tare da maƙwabta Musulmi, gama hanyar gona ɗaya mu ke bi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Me ya hana Ahab ƙwace gonar Nabot tun da fari? Wa ya kamata ya yi magana a ranar shari'ar, ya yi shiru?
2. Wane haƙƙi ne aka fi tauyewa a ƙauyenmu, wa kuma ya kamata mu kai wa kuka?
3. Akwai wanda mu da kanmu mu ke riƙe da haƙƙinsa?
4. In aka kawo wanda a ke zargi gaban taro, me ɗan ƙungiyarmu zai yi?

A rufe taro da addu'a domin waɗanda ke hannun 'yan bindiga, da waɗanda suka bar garuruwansu, da masu mulki, domin Allah ya ba su zuciyar yin adalci. Magatakardan kowace ƙungiya ya rubuta amsoshin da aka bayar ya aiko mana ta hannun fasto.