Hukuncin Sa Farashi Da Talla A Sana'ar Hayar Masaukin Shafukan Intanet

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya 'yan'uwa, darasinmu na wannan mako ya taso ne daga tambayar wani tsohon ɗalibina, wanda ya buɗe kamfanin ba da masauki ga shafukan intanet. Watau yana da babbar kwamfuta mai aiki dare da rana, yana yanka wa mutane wuri a cikinta su ajiye shafukansu, suna biyansa duk wata ko duk shekara. Ya ce shi sabo ne a kasuwa, shin ya halatta ya karya farashi domin ya jawo masu ciniki?

Da farko mu sani wannan ciniki haya ne, abin da malaman fiƙihu ke kira ijara. Sharaɗinta kuwa shi ne a san kuɗin, a san lokacin, a kuma san amfanin da aka biya dominsa. In ɗaya ya ɓuya, garari ya shiga, shari'a kuwa ta hana cinikin garari.

Game da farashi, asali mai kaya shi ke da ikon yanka kuɗin kayansa. Anas ɗan Maliku ya ruwaito cewa kaya sun yi tsada a Madina, aka roƙi Manzon Allah ya ƙayyade farashi, bai yarda ba. Amma kuma a cikin Muwaɗɗa an kawo labarin Sayyidina Umar, da ya iske Haɗibu ɗan Abi Balta'a yana sayar da zabibi a kasuwa, ya umarce shi da ya ƙara kuɗin ko ya tashi daga kasuwar. Daga nan ne waɗansu malamai suka fahimci cewa rangwame alheri ne, sai fa in an yi shi da nufin durƙusar da abokan sana'a. Saboda haka ya kamata ɗalibin nan ya zauna ya lissafta kuɗin wuta, da man janareto, da lasisin manhajoji waɗanda akasari da dala ake biya, da albashin ma'aikata, sa'an nan ya ɗora riba daidai gwargwado. Wanda ya ga yadda naira ta faɗi bayan an sake ta a kasuwa a 2023, ya san haɗarin yi wa mutum alkawarin farashi ɗaya na shekaru masu yawa.

To, inda gizo ke saƙa shi ne wajen talla. Al'adar da yawa daga masu wannan sana'a ce su rubuta kuɗin shekarar farko da manyan haruffa, su ɓoye kuɗin sabuntawa a can ƙasa, alhali sun san da zarar mutum ya zuba kayansa a wurinsu, tashi zai yi masa wuya. Rangwamen shekarar farko halal ne, in an bayyana na shekara ta biyu a fili tun wurin ƙulla ciniki. In an ɓoye, ya zama yaudara. Mu tuna da hadisin da Muslim ya ruwaito na mai sayar da abinci, wanda ya sa busasshe a sama, jiƙaƙƙe a ƙasa, Manzon Allah ya cusa hannunsa ya ji danshi, ya tsawatar masa.

Haka nan masu cewa wurin ajiyarsu ba shi da iyaka. Kowace kwamfuta tana da iyaka. A faɗa wa mutum gigabayit nawa ya samu. Wanda kuma ya yi alkawarin shafi zai zauna a buɗe kashi 99.9 cikin ɗari na lokaci, ya sani ya yi alkawari ne cewa ɗaukewar ba za ta kai awa 9 ba a shekara guda. In ta wuce, ya mayar wa mutane haƙƙinsu. Suratul Muɗaffifina ta yi narko ga masu tauye mudu, wannan kuwa mudu ne wanda mai saye ba ya ganinsa da ido, don haka amanarsa ta fi nauyi.

Sa'an nan a guji sa abokai su rubuta yabon ƙarya a Facebook kamar su masu ciniki ne. Wannan ɗan'uwan najashu ne, watau mutum ya yi tayin kaya ba da niyyar saye ba, sai don ya ruɗi wani. A guji kushe kayan abokin sana'a. Sunan shafi kuma, ko mai ƙarewa da .ng ne wanda hukumar NiRA ke kula da shi, ko waninsa, a yi rajistarsa da sunan wanda ya biya, kada a riƙe shi garkuwa ranar da ya so tashi.

Mafi ingancin talla ga sabon ɗan kasuwa shi ne ya amsa waya in shafin mutum ya tsaya da tsakar dare, ya kuma tsare sirrin abin da aka ajiye a wurinsa. Wanda aka kyautata wa, shi zai kawo na biyu.

Allah shi ne mafi sani. Allah ya azurta mu da halal, ya tsare mu daga cin haƙƙin mutane, amin. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.