Yadda ƙwayar fankiriyas ke fitar da kayanta ta ƙofa ɗaya

A bayan tumbi akwai wata gaɓa, fankiriyas, mai haɗa sinadaran narkar da abinci. Sinadaran nan ba abin wasa ba ne, domin abin da ke narkar da tsoka a hanji ba zai ƙyale naman mai shi ba. Ƙwayar halittar da ke yin su fuska biyu gare ta: ɗaya na kallon siririn bututun da ke gangarawa hanji, ɗaya na kallon jijiyoyin jini. Tilas kayan su fita ta wajen bututu.

Sinadaran nan furotin ne, kuma ana fara ƙera furotin ɗin ne a gindin ƙwayar, cikin wasu tantanai masu ninki-ninki. Daga nan sai ya wuce sashen Golgi, wanda Camillo Golgi na Italiya ya gano a 1898. Nan ce tasha. A nan ake tantance kaya, a ɗure su cikin 'yan jakunkuna, a maƙala wa kowace jaka furotin Rab, wanda shi ne adireshinta. George Palade ne ya bi sawun wannan tafiya a fankiriyas ɗin ɓeran Masar, ya kuma samu kyautar Nobel a 1974.

Sai dako. Wasu furotin masu ƙafa biyu kan ɗauki jakar, su taka da ita bisa zaruruwan da ke shimfiɗe cikin ƙwayar har bakin bututu. Jakunkunan su taru a nan, su yi jugum.

Abin da ya fi burge ni shi ne ƙofar kanta. A jikin jaka akwai furotin SNARE, a tantanin ƙwayar akwai abokansa, kuma na fuskar bututu ba irin na gefe ba ne. Wata ɗamara da ta ɗaure ƙwayar da maƙwabtanta ita ke hana su cakuɗuwa. Da ka ci tuwo da miya mai maiƙo, saƙo ya iso, kalsiyam ya ƙaru cikin ƙwayar, sai SNARE ɗin su murɗe juna kamar tufkar igiya, su matse tantanan biyu har su zama ɗaya. Jaka ta buɗe, kaya su zube cikin bututu.

Ko a nan ma sinadaran da ke narkar da tsoka a kulle suke. Sai sun isa hanji ake kunna su. Idan tsakuwar matsarmama ko yawan giya ta dagula tsarin, wasu sukan kunnu tun a gida, wasu jakunkunan kuma su buɗe ta gefe. Ciwon da ke biyo baya yakan tokare saman ciki ya ratsa har gadon baya.