Darasin Kimiyya: Ɗan Aiken Da Ke Cikin Jikinmu

Mai karatu, jikinka ya ƙunshi ƙananan ƙwayoyin halitta waɗanda ido ba ya gani. A tsakiyar ƙwaya akwai ɗaki inda aka adana kundin gado, wato DNA. Kundin nan ba ya fita. In za a yi aiki, sai a kwafi umarni a ba ɗan aike mai suna mRNA, ya kai inda ake ƙera furotin, kayan ginin jiki.

An gano ɗan aiken a 1961, amma da can sai an kashe ƙwaya kafin a gan shi. A 1998 Robert Singer da abokan aikinsa a Amurka suka ɗaura masa fitila, wato wani furotin mai hasken kore da aka samo daga wata halittar teku. Da madubin likita suka gan shi a cikin yis mai rai, yana tafiya daga uwar ƙwaya zuwa 'yar da take tsirowa.

Wasu alluran rigakafin korona irin wannan saƙo suke ɗauke da shi. Ba ya shiga ɗakin kundi. Ya isar da saƙo, ya narke.

Tambayoyi:
1. Mene ne aikin mRNA?
2. Yaya aka gan shi?