Idan ɗan uwa ya fara magana da wata murya

A birnin Greensboro na Amurka, inda 'yan Nijar suke da yawa, idan mutum ya soma magana da wata murya, yana kiran kansa da wani suna, daga baya ya ce sam bai tuna ba, mukan ce aljanu ne. A yi ruƙiya, amma a kai shi asibiti.

Akwai cutar da likitoci ke kira DID, wato rarrabuwar hali, kuma tun 2013 kundin likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka ya yarda tana iya zuwa da kamannin shafar aljanu. Galibi ana danganta ta da azabar ƙuruciya: duka, fyaɗe, wulaƙanci a kai a kai. Wasu masana na ganin bayan fitowar littafin Sybil na 1973, labarin wata da aka ce tana da cutar, an yi ta liƙa wa mutane ita fiye da kima, don haka kada TikTok ya yanke muku hukunci. Farfaɗiya ma kan kawo irin wannan mantuwa.

Babu ƙwayar da ke warkar da DID. Maganinta zama ne da likita, har shekaru, a kwantar da hankali tukuna kafin a tono tsohon ciwo. Ku je asibitin Cone Health, ku nemi tafinta. In ɗan uwan ya ambaci kashe kansa, ku buga lambar agaji ta 988 nan take.