Amsoshin Tambayoyinku: Yadda Ake Renon Skimiya a Lambu Mai Inuwa

Skimiya, wadda wani mai sauraronmu ya yi tambaya a kanta, ƙaramar bishiya ce mai duhun ganye da ba ta kaɗe shi duk shekara. Asalinta dazuzzukan Japan ne da Sin, kuma dangin lemo ce. In aka murza ganyenta sai ƙamshi ya tashi. A hankali take girma, galibi ba ta wuce mita 1 zuwa 1.5.

Inuwa ce rayuwarta. In rana ta dake ta, ganyen ya ɗashe ya koma rawaya, shi ya sa a Ingila ake dasa ta a gindin manyan bishiyoyi ko jikin katanga. Tana son ƙasa mai ruɓaɓɓen ganye, mai danshi amma ba mai kwanciyar ruwa ba. Ba ta buƙatar yawan aski.

Inda masu lambu suka fi yin kuskure shi ne wajen 'ya'ya. Akwai namiji, akwai mace, kuma macen ba ta yin jajayen 'ya'yanta sai da namiji a kusa, kamar irin da ake kira Rubella, domin ƙudan zuma su kai mata garin fure. 'Ya'yan suna ɓata ciki, don haka a hana yara ci.