Roy Campanella: Mai Tsugune a Bayan Mai Bugu

Yawancinmu a wannan makaranta ƙwallon ƙafa muka sani. A wannan karo za mu leƙa wani wasa dabam, wato besbol na ƙasar Amurka, mu yi nazarin rayuwar wani mutum da ya riƙe aikin da ya fi kowanne wahala a cikinsa. Sunansa Roy Campanella. Amma kafin mu shiga labarinsa sai mun san yadda wasan yake, in ba haka ba za mu yi ta jin sunaye kawai.

Kowane ɓangare yana da 'yan wasa 9. Mai jifa yana tsayawa a tsakiyar fili ya wurgo ƙwallo mai tauri, wadda ba ta wuce cikin tafin hannu ba. Mai bugu na ɗaya ɓangaren yana jiransa da sanda, tazararsu kimanin mita 18. In ya bugi ƙwallon sai ya ruga, ya bi tashoshi 3 da aka jera, ya dawo inda ya tashi, wurin da suke kira gida. Dawowarsa gida ita ce maki ɗaya. A bayan mai bugu kuwa akwai wani mutum a tsugune, fuskarsa a rufe da ragar ƙarfe, ƙirjinsa da ƙwaurinsa cikin sulke, hannunsa ɗaya cikin safar fata mai kauri. Shi ne mai cafka.

Wanda bai san wasan ba zai ɗauka aikinsa tare ƙwallo ne kawai. Ba haka ba ne. Duk abokan wasansa suna fuskantar gida, shi kaɗai ne ke bayan gida yana kallon fili gaba ɗaya. A zamanin Campanella, shi ne ke nuna wa mai jifa irin jifar da zai yi, ta hanyar alama da yatsu a tsakanin cinyoyinsa: yatsa ɗaya, jifa mai gudu, yatsu biyu, jifa mai lanƙwasa. Ke nan dole ya haddace raunin kowane mai bugu na abokan hamayya. Dole kuma ya san halin masu jifarsa, wanda ake lallashi da wanda sai an tsawata masa. In wani ya yi ƙoƙarin satar hanya daga tasha ta 1 zuwa ta 2, mai cafka zai zabura daga tsugune ya wurga ƙwallo nisan mita 39 kafin mai gudun ya isa. Duk wannan ana yinsa ne ƙwallo tana dukan yatsu da gwiwa, a wasanni 154 na kowace kaka a wancan lokaci.

An haifi Campanella ranar 19 ga Nuwamba, 1921, a birnin Filadelfiya. Mahaifinsa farar fata ne ɗan asalin Italiya, mai sayar da kayan lambu, mahaifiyarsa kuwa baƙar fata ce. A Amurka ta wancan zamani wannan ya isa a rufe masa ƙofar manyan ƙungiyoyi, domin ba sa ɗaukar baƙar fata ko da ya fi kowa iyawa. Baƙaƙe suna da nasu ƙungiyoyin dabam. A 1937, yana ɗan shekara 15, ya shiga ɗaya daga cikinsu, Elite Giants, wadda ta zauna a birnin Baltimo daga 1938. Da ya cika 16 sai ya bar makaranta. Ba ma kawo wannan don a yi koyi da shi, ɗalibai su lura. Mun faɗe shi ne don haka ya faru.

Ko da yake ya bar aji, bai bar koyo ba. A wannan ƙungiya ya faɗa hannun Biz Mackey, wani dattijon mai cafka da ake ganin ba shi da na biyu a ƙungiyoyin baƙaƙe. Mackey ne ya koya masa yadda ake ajiye ƙafa, yadda ake tare ƙwallon da ta daki ƙasa da jiki maimakon a kai mata hannu, da yadda ake sakin ƙwallo da sauri ba tare da an miƙe tsaye sosai ba. Har ƙarshen rayuwarsa Campanella yana cewa abin da ya sani daga wurin Mackey ya samo shi. Rayuwar ba ta da sauƙi. Suna kwana a cikin mota tsakanin gari da gari, kuma shi da kansa ya sha ba da labarin ranar da ya yi wasa 4 a yini guda. Ya yi wasa a Meziko ma a 1942 da 1943.

A watan Oktoba na 1945 Branch Rickey, shugaban ƙungiyar Dodgers ta Buruklin a Niu Yok, ya kira shi ya yi masa tayin aiki. Campanella ya ƙi, don ya zaci wata sabuwar ƙungiyar baƙaƙe ake son kafawa. Sai daga baya Jackie Robinson ya gaya masa cewa shi ya riga ya sa hannu, kuma maganar ta shiga cikin fararen fata ce. Da haka Robinson ya zama na farko. Campanella ya sa hannu a 1946, aka tura shi wata ƙaramar ƙungiyar Dodgers a garin Nashua, tare da mai jifa Don Newcombe, a kan albashin da bai kai wanda yake samu a dā ba. A can ne wani abu ya faru da ya kamata mu tsaya a kansa. Wata rana alƙalin wasa ya kori kocinsu, Walter Alston, daga fili. Alston ya riga ya faɗa wa 'yan wasansa cewa in haka ta faru, Campanella ne zai riƙe ƙungiya. Ya riƙe, suka kuma ci wasan. Baƙar fata yana ba fararen fata umarni a 1946, kuma ba don an tausaya masa ba. Ya fi su sanin wasan ne.

Ya fara buga wa babbar ƙungiyar Dodgers ranar 20 ga Afrilu, 1948. Sau 3 marubuta labarin wasanni suna zaɓensa gwarzon shekara a rukuninsu: 1951, 1953 da 1955. A 1953 ya tsallakar da ƙwallo bayan shingen fili sau 41, aka kuma ci maki 142 ta dalilin bugunsa. A cikin kowane mutum 100 da suka yi ƙoƙarin satar hanya a gabansa, ya kama kimanin 57. A 1954 ƙashin hannunsa na hagu ya karye, wasansa ya lalace, wasu suka ce ya ƙare. Shekarar da ta biyo ya dawo, Dodgers suka doke Yankees suka ɗauki kofin zakarun Amurka, karo na farko a tarihinsu.

A ganinmu, abin da ya fi nuna irin aikinsa ba ya cikin waɗannan lambobi. Sau 3 yana tsugune a bayan gida a wasannin da abokan hamayya suka kasa samun ko bugu ɗaya mai kyau daga farko har ƙarshe. Biyu na Carl Erskine ne, a 1952 da 1956, ɗaya na Sal Maglie a 1956. Sunayen masu jifan aka rubuta a tarihi. Wanda ya yi ta ɗaga musu yatsu sai mai bincike ne ke tunawa da shi.

Da asubahin ranar 28 ga Janairu, 1958, yana komawa gida daga kantinsa na unguwar Harlem, motarsa ta zame a kan ƙanƙara kusa da Glen Cove, ta daki falwayar waya, ta kife. Ƙasusuwa 2 na wuyansa, na 5 da na 6, suka karye. Jikinsa ya shanye daga kafaɗa zuwa ƙasa. Shekarunsa 36. A wannan shekarar ce Dodgers suka ƙaura zuwa Los Anjeles, bai kuwa taɓa buga musu wasa a can ba. A littafin tarihin rayuwarsa da ya fito a 1959 bai ɓoye cewa ya fid da zuciya a kwanakin farko ba, ya kuma ce Zabura ta 23 ce ya riƙe a gadon asibiti. Bayan watanni na gashi da motsa jiki ya samu ɗan amfani da hannuwansa, har yana iya ciyar da kansa. Tafiya kam bai sake yi ba.

Ranar 7 ga Mayu, 1959, mutane 93,103 suka taru a babban filin wasa na Los Anjeles don girmama shi. Aka kashe fitilu, jama'a suka kunna ashana, tsohon kyaftin ɗinsu Pee Wee Reese ya turo kekensa zuwa tsakiyar fili. A 1969 aka sa shi a zauren tunawa da gwanayen besbol, baƙar fata na biyu bayan Robinson. A 1972 Dodgers suka ajiye lambar rigarsa, 39, ba wanda zai sake sa ta.

Aikin bai rabu da shi ba. Shekara da shekaru, duk lokacin da Dodgers suka je atisayen share fage a Vero Beach ta jihar Fulorida, ana ganinsa a kan kekensa, matasan masu cafka kewaye da shi. Ba ya iya tsugunawa ya nuna musu, sai dai ya kalli ƙafafunsu ya faɗa da baki, kamar yadda Mackey ya faɗa masa. John Roseboro, wanda ya gaje shi a 1958, da Mike Scioscia, da Mike Piazza, duk sun zauna a gabansa. Ya rasu ranar 26 ga Yuni, 1993, a Woodland Hills ta jihar Kalifoniya, yana da shekara 71, bayan shekara 35 a kan keke. A 2020 hukumar besbol ta Amurka ta amince cewa ƙungiyoyin baƙaƙe na 1920 zuwa 1948 su ma manyan ƙungiyoyi ne, aka fara lissafa wasannin da ya yi a ƙarƙashin Mackey tare da sauran.